Ƙwayar Sha'ir da Nisan Mil Biyu

Akwai wata jama'a a ƙasar Amurka, da 'yan'uwansu ƙalilan a Turai da Ostareliya da Afirka ta Kudu, waɗanda suka ɗauki harbin allon ƙarfe, daga nisan da ƙwayar ido ba ta iya rarrabe shi da dutsen da ke bayansa, ya zama musu abin shagala, har manyansu sukan taru a wani makeken fili kusa da garin Raton a jihar New Mexico, inda tun shekarar 2015 ake gudanar da gasar da suka laƙaba wa suna Sarkin Mil Biyu. Kuma duk wanda ya bi diddigin al'amarinsu zai tarar cewa lokacin da suke yi kwance rub-da-ciki a bayan bindiga ba a bakin kome yake ba, in an gwada shi da dararen da suke rayawa a zaune cikin ɗaki, gaban tebur da mizani, suna ɗura harsashinsu da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Da za ka tsare ɗayansu ka tambaye shi da Hausa abin da yake nema da wannan wahala, da amsarsa ba ta wuce kalma guda ba, watau daidai. To, amma wannan kalma tamu, wadda muke furtawa safe da yamma ba tare da mun waiwaye ta ba, ma'ana biyu take ɗauke da su. Idan muka ce yaran nan biyu daidai suke a tsawo, mun gwada abu da ɗan'uwansa ne, babu ruwanmu da ko dogaye ne ko gajeru. Idan kuwa muka ce alƙali ya yanke hukunci daidai, mun gwada aikinsa da wata gaskiya da ke wajensa, wadda ko ya same ta ko ya kuskure mata. Na farko daidaito ne, na biyu dacewa. Ra'ayin da nake so in kafa shi ne cewa mai ɗurin hannu, kome ƙwarewarsa, na farkon kaɗai ke cikin ikonsa, kuma fa'idar da yake samu daga gare shi ta sha bamban da abin da masu kallo daga nesa suke zato.

Sai mu fara da hisabi, don shi ne uzurin wahalar. Mil biyu yadi 3,520 ne. Harsashin da ake kira .375 CheyTac, wanda Derek Rodgers ya ci gasar da shi a 2017, irin kan da ake ɗora masa yakan kai nauyin giram 26, yana barin bakin bindiga da gudun da ya kusa ƙafa 3,000 a sakan guda, amma duk da wannan gudu sai ya shafe fiye da sakan shida a sarari kafin ya isa, kuma a tsawon wannan lokaci ƙasa tana jansa ba sassauci, har faɗuwarsa ta zarce mita ɗari; ke nan mai harbi wani wuri ne can sama da allon yake nuna wa bakin bindiga, wurin da babu kome a cikinsa sai iska. Yanzu a ce harsashi biyu sun fita, ɗaya ya fi ɗaya gudu da ƙafa 10 kacal, watau kashi ɗaya cikin ɗari uku. A nisan yadi ɗari da wuya a bambance hujinsu, a yadi dubu tazarar ta zama 'yan inci, a mil biyu kuwa tana kaiwa wajen mita guda, alhali allon da ake nema bai kai tsayin mutum ba. Harsashin kamfani ba shi da aibi ga mafarauci mai neman barewa a yadi ɗari biyu, amma inji ne ke zuba masa albarushi da awon cika, yadda mai awo ke cika mudu a kasuwa, kuma kowa ya san mudun da aka girgiza da wanda aka zuba a sake, ko da bakinsu ya zo ɗaya, hatsin cikinsu ba ɗaya ba ne. Ga shi kuma an yi shi ne don ya shiga kowace bindiga mai wannan baki, saboda haka tilas a bar masa sarari ta kowane gefe, wanda mai bindiga guda ba ya bukata.

Ɗuri ba baƙon aiki ba ne a gare mu, gama maharbin da ya gaji bindigar toka har gobe ta baki yake ɗura ta, ya zuba albarushi, ya danna tsumma da sanda, ya bi da dalma, kuma haka Bature ma ya yi ta yi ƙarni bayan ƙarni, har zuwa shekarun 1860 da kwanson tagulla ya yaɗu, ya tattara albarushi da kai da abin ƙyasta wuta cikin jiki guda, ya ɗauke ɗuri daga hannun maharbi ya mayar da shi masana'anta. Maharbin bai daɗe ba ya karɓo kayansa. A 1884, shekarar da Paul Vieille ya fito da albarushi marar hayaƙi a Faransa, John Barlow ya fara sayar da 'yar na'urar ɗurin hannu mai siffar awartaki da sunan Ideal. A 1943 Fred Huntington ya kafa kamfanin kayan ɗuri na RCBS a Kalifoniya, bayan yaƙin duniya na biyu kuma Bruce Hodgdon ya sayi rarar albarushin soja ya riƙa sayar wa jama'a da araha. Mafarin abin tsimi ne, don kwanso ya fi kome tsada a jikin harsashi, kuma ana iya sake cika shi. Wanda ke ɗura wa mil biyu dai ya daɗe da barin wannan hujja, in ban da lokacin da uwargida ta tambayi kuɗin mizani.

Kwanson da aka harba ya riga ya kumbura, gama matsin da ke tashi a cikinsa yakan kai laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i, don haka sai a wanke shi, a shafa masa mai, a matse shi cikin wani ƙarfe mai rami ya koma siffarsa, a datse bakinsa in ya yi tsawo. Tagullarsa kashi 70 jan ƙarfe ne, kashi 30 tutiya, kuma ɗabi'arta, kamar yadda kowane maƙerin tagulla ya sani, ita ce ta taurare in an yawaita lanƙwasa ta, ta yi laushi in ta sha wuta. Saboda haka suke gasa wuyan kwanso na 'yan sakan, wuyan kaɗai, don in zafi ya sauka gindi ya tausasa shi, kwanson ya zama abin hallaka mai shi. Manufa ita ce kowane wuya ya riƙe kai da ƙarfi ɗaya, ya kuma sake shi a kan lokaci ɗaya, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake lissafin wannan riƙo, kazalika tazarar da ake bari tsakanin kai da farkon murɗaɗɗen zanen da ke cikin bututu. A gindi kuma ake dasa 'yar hular da ke ƙyasta wuta in allurar bindiga ta doke ta, kuma a nan akwai wani abin dariya na tarihi da ba zan iya wucewa ba: iri biyu aka ƙago a 1866, ɗaya na Kanar Edward Boxer, Baturen Ingila na Woolwich, ɗaya na Hiram Berdan, Ba'amurke, sai Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, Turai kuma ta daɗe tana aiki da na Ba'amurken. Na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, tsinke guda ke turo tsohuwar hula waje, na Berdan kuwa sai an sha fama; da zaɓin ya zo akasin haka, da wataƙila ɗurin hannu bai zama ruwan dare a Amurka ba.

Amma zuciyar aikin a kan mizani take, kuma a nan nake so in daɗe. Awon da suke amfani da shi sunansa giren, asalin ma'anarsa ƙwayar hatsi. Giren 7,000 ke cika laba guda, kuma tun yarjejeniyar 1959 tsakanin ƙasashe masu magana da Ingilishi aka kafe shi a kan miligiram 64.79891. Duk almajirin da ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta babin zakka zai ji kamar ya taɓa gamuwa da wannan ƙwaya, kuma lalle ya gamu da ita, gama Risala ta Ibn Abi Zaid ta koya masa cewa nauyin dinari bakwai shi ne nauyin dirhami goma, masu sharhi kuma, har da Ibn Khaldun a Muƙaddima, suka ƙididdige masa miskali da ƙwayar sha'ir 72, dirhami da ƙwaya 50 da biyu bisa biyar. Fuƙaha'u ba su tsaya nan ba, don sun san gona ba ta haihuwar tagwaye: suka shar'anta cewa ƙwayar ta zama matsakaiciya, ba a ɓare ta ba, an kuma yanke siririn tsinin da ke gefenta biyu. Turawan Ingila ma, a dokar awonsu ta ƙarni na 13, da suka ce kwabon azurfa ya yi nauyin ƙwayar alkama 32, sai da suka ƙara cewa daga tsakiyar zangarniya za a ɗebo. Al'umma biyu da ba su yi shawara da juna ba suka ci karo da mas'ala ɗaya, suka kuma gudu zuwa mafaka ɗaya, watau matsakaici, wanda ƙwaya ce da ba ta taɓa tsira a gonar kowa ba, mazauninta hisabi. Kuma ko a can ba su yi ittifaƙi ba, don dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira nauyinsa wajen giram 4.25 ne, in ka raba shi gida 72 ka sami miligiram 59, watau sha'ir ɗin Dimashƙa ya gaza giren ɗin Landan da kusan miligiram shida.

Wannan ƙwaya da magabata suka ɗauka ita ce ƙarshen ƙanƙanta, ita mai ɗurin zamani ke rabawa gida hamsin, gama mizanin lantarki irin na ɗakin binciken magunguna da suke saye yana nuna 0.02 na giren, wanda shi ne kimanin nauyin ƙwaya guda ta wasu nau'o'in albarushi. Ka dube shi da dare: ya rufe taga, ya kashe fanka, mizanin kuwa tun la'asar ya kunna shi don ya natsu. Na'ura ta zubo mafi yawan albarushin cikin ɗan faranti ta tsaya, lambobi suka yi rawa suka zauna, saura kaɗan. Sai ya ɗauki matsefata ya tsinto ƙwaya guda, wata 'yar mitsitsiyar guntuwar sanda baƙa-baƙa mai rami a tsaka, ya saka, ya kau da fuskarsa gefe don kada numfashinsa ya taɓa farantin, ya jira. In ta haura, ya cire ta ya nemi ƙaramarta. Akwai ma masu raba ƙwaya biyu da reza. Sa'an nan ya juye cikin kwanso ta mazurari, ya ɗora kai, ya ja hannun matsi a hankali yana jin yadda wuyan ke karɓa, in wani ya shige da sauƙi fiye da 'yan'uwansa ya yi masa alama da tawada ya ware shi don harbin gwaji. Harsashi ɗaya ke nan, ga sauran akwatin na jira. Ina tsammanin Abdurrahman al-Khazini, wanda ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marw wajen 1121, a zamanin Sultan Sanjar, ya bayyana mizani mai faranti biyar don gane zinariya tsantsa daga gauraye, ya kuma lura cewa iska tana da nauyi, zafin ruwa yana canja awo, da zai leƙo ɗakin nan ba zai ga kome baƙo ba sai wayar lantarki.

Sai dai nauyin albarushi sababi ne kawai, abin da ake nema a bayansa gudu ne, kuma mutane sun yi ƙarnoni suna harbi ba wanda ya san gudun harsashinsa, har sai da Benjamin Robins, masanin lissafi na Ingila, ya wallafa littafinsa kan sababbin ƙa'idojin harbi a 1742, inda ya rataye wani katako mai nauyi ya harbe shi, ya lissafta gudun dalma daga nisan lilon da katakon ya yi. Shi ne kuma ya fara lura cewa turjiyar iska tana ƙaruwa ƙwarai idan gudu ya kusanci na sauti, abin da ke damun masu mil biyu har yau, don harsashinsu yakan rage gudu ya sauko wannan iyaka ta wajen ƙafa 1,100 a sakan kafin ya isa, kuma wanda ba a ƙera shi da kyau ba a nan yake fara layi. Yau 'yar na'ura ce mai aiki da rada ake ajiyewa gefen bindiga, ta faɗi gudun kowane harbi, ta fitar da matsakaici, ta kuma faɗi gwargwadon yadda harbin suka warwatsu a gefensa. Ga matsakaicin fuƙaha'u ya sake dawowa: lamba ce da ake shigarwa cikin hisabin saiti, alhali mai yiwuwa ne babu harsashi ko ɗaya a akwatin da zai fita da ita. Abin alfaharin mai ɗuri shi ne warwatsuwar ta kasa ƙafa 10, kuma a taronsu wannan lamba ake tambaya kafin a tambayi sunan bindiga.

To, mece ce fa'idar? Mai kallo yana zaton ɗurin kirki shi ke kai harsashi kan allo, amma abin da ke tsakanin baki da allo ya fi ƙarfin tebur. Wasu daga ciki suna lissaftuwa. Juyawar ƙasa, wadda aka jingina bayanin tasirinta ga Coriolis na Faransa tun 1835, tana karkatar da harsashi dama a arewacin duniya, har wajen mita guda a irin wannan nisa a Raton. Murɗawar da zanen bututu ya ba shi ita ma tana jan sa gefe. Kaurin iska yana canjawa da zafi da tudu. Duk waɗannan kwamfutar aljihu tana warware su, ta ba da amsa da daƙiƙa, watau ɗaya bisa sittin na daraja, awon da malaman falaki suka saba da shi, wanda a yadi ɗari inci guda ne da 'yan kai, a mil biyu kuwa ya ɗara yadi. Iska ce ba ta lissaftuwa. Wadda ke tafiyar mil ɗaya a sa'a, wadda da ƙyar fatar fuska ke jin ta, ta isa ta kawar da harsashi fiye da mita guda a wannan nisa, kuma ba iska ɗaya ba ce, gama tsakanin maharbi da allo akwai kwari da tudu, kowanne da tasa, harsashin kuma yana hawa sama inda babu tuta ko ciyawar da za ta ba da labari. Abin da ya rage musu shi ne kawalwalniya, wadda matafiyin hamada ke tsine wa don ta yaudare shi da ruwa, su kuwa suna zuba mata ido ta madubin hangen nesa, suna karanta karkatar rawarta don su san inda iska ta nufa.

Saboda haka harbin farko tambaya ce ake aikawa. Ya tashi, mai hange ya manne ido a madubi yana ƙirga sakan, can sai ƙura ta tashi ƙasa da allon ta hagu, ya faɗi gwargwadon kuskuren, maharbi ya gyara ya sake kafin iskar ta juya. Ƙurar nan shaida ce game da halin sarari, kuma a nan ne nake ganin ma'anar dararen da aka raya. A shari'a, alƙali ba ya gina hukunci kan maganar shaida sai an yi masa tazkiyya, an tabbatar da adalcinsa tun kafin ya buɗe baki. Idan harsashin nan ya sauka ƙasa don albarushinsa ya gaza na ɗan'uwansa, to ya yi shaidar zur a kan iska, maharbi kuma zai ɗaga saiti don gyara laifin da babu shi, harsashi na biyu mai cikakken gudu ya haure allon, na uku ya rasa wa zai gaskata. Idan kuwa an san su duka daidai suke da juna, to duk inda ƙura ta tashi labarin gaskiya ta kawo, ko da labarin kuskure ne, kuma kuskuren da aka san sababinsa ana iya gina gyara a kansa. Ɗurin hannu tazkiyyar shaidu ne. Abin da yake saya wa mai shi shi ne ya cire kansa da teburinsa daga cikin waɗanda ake tuhuma, ya bar iska da idonsa kaɗai a gaban shari'a.

Tarihin wannan wasa ya ajiye mana misalin rabuwar ma'anonin nan biyu wanda ya fi duk abin da zan iya ƙagowa. Ran 26 ga Satumba 1874, a filin Creedmoor kusa da birnin New York, mutum shida na Ailan, waɗanda ƙasarsu ta ci garkuwar gasar harbi ta Elcho a Wimbledon shekarar da ta gabata, suka kara da mutum shida na Amurka a yadi 800 da 900 da 1,000. 'Yan Ailan da bindigogin Rigby masu ɗurin baki, har da John Rigby kansa a cikinsu, Amurkawa da Remington da Sharps masu ɗurin gindi. Amurka ta ci da maki 934 a kan 931, bayan Kanar John Bodine ya yi harbin ƙarshe da hannun da fasasshiyar kwalba ta yanka yana jini. Amma a tsakiyar gasar wani ɗan Ailan mai suna Milner ya saka harsashinsa a tsakiyar baƙin allo cif, sai dai allon wani ne, aka rubuta masa sifiri maimakon maki huɗu. Da an ba shi, da Ailan ta ci da maki ɗaya. Awon albarushinsa bai yi ƙarya ba, hannunsa bai girgiza ba, iska ma ya karanta ta sarai, kuma duk wannan bai hana alƙalan gasa su ce ya kuskure ba, kuma gaskiyarsu.

Akwai akasin wannan a zamaninmu. A watan Satumba 2022 wata ƙungiya a jihar Wyoming, ƙarƙashin Scott Austin da Shepard Humphries, ta sami allo a nisan mil 4.4 da harsashin .416 Barrett, wanda ya yi wajen sakan 24 a sarari, kuma a harbi na 69 aka samu. Ba na raina aikin, don sai da aka yi watanni ana shiri kafin harsashi ya iya sauka ko kusa da wurin, amma na fahimci abin da ya sa da yawa daga ma'abota fannin ba su yarda a kira irin wannan bajinta da sunan da ake kiran ta gasa ba, har suka kafa sharaɗin cewa ba a rubuta tarihi sai an sami allo mai inci 36 sau uku a jere, daga bututu mai sanyi, ba tare da harbin gwaji ba. Wanda ya samu a karo na 69 ya dace; wanda ya samu uku cikin uku ya nuna cewa ya san abin da ya sa ya dace, kuma zai iya maimaitawa.

Sai dai ko su masu sharaɗin uku ba su tsira daga tarkon ƙidaya ba, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan jama'ar. Mutum zai ɗura awo iri goma, kowanne ya ɗara na bayansa kaɗan, yana farawa daga ƙasa da iyakar da littattafan ɗuri suka gindaya yana duban alamun matsi a gindin kwanso, wanda ihtiyaɗi ne da ba a wasa da shi. Sa'an nan ya harba uku-uku, ya ga wani ukun sun haɗu wuri ɗaya, ya ce ya gano sirrin bindigarsa, ya rubuta a littafi, ya yi ta ba wasu fatawa. Malaman usulu da sun gaya masa cewa labarin mutum uku zanni yake bayarwa, yaƙini sai da tawaturi, kuma sa'a kaɗai ta isa ta haɗa huji uku wuri guda lokaci-lokaci. Bryan Litz, injiniyan da ya bar aikin ƙera makamai masu linzami ya koma nazarin harsashi, ya fitar da littafinsa na farko a 2009, daga baya ya gwada wasu al'adun teburin ɗuri da harbi masu yawa, ya tarar wasunsu ba su da tasirin da ake jingina musu. Duk da haka za ka sami mai auna hulunan ƙyasta wuta ɗaya-ɗaya yana jera su sahu-sahu, in ka nemi dalili ya ce ai ba ya cutarwa. Gaskiya ne ba ya cutarwa, kuma natsuwar zuciya ma tana da rabonta a lokacin jan kunama. Amma ya kamata a kira ta da sunanta, kada a sa mata rawanin ilmi.

Uzurinsu guda ne, kuma mai ƙarfi ne: tawaturi yana da tsada, kuma bututun ne ke biya. Kowane harbi yana tura wuta mai tsananin zafi ta maƙogwaron bututu, tana zaizayar farkon zanen kaɗan-kaɗan, har ya zama irin waɗannan manyan bindigogi da wuya bututunsu ya wuce harbi dubu biyu yana riƙe da ingancin gasa. In ka tara dukan lokacin da harsashi ya yi yana tafiya a cikinsa tun yana sabo har ya mutu, bai fi 'yan sakan ba. Wanda ya ce zai harba talatin-talatin a awo iri goma ya cinye ɗari uku daga wannan gajeren rai, kuma kafin ya gama maƙogwaron ya matsa gaba, tazarar da ya auna da kashi ɗaya cikin dubu na inci ta canja, gudun ma ya canja, ya zama shaidun da ya tara suna ba da labarin wani bututu ne da ya riga ya shuɗe. Don haka masu hali sukan sayi bututu biyu ko uku a lokaci guda daga maƙeri ɗaya, su sa a fafe ɗakin harsashinsu da ƙarfe ɗaya, su tanadi albarushi da kawuna masu lambar kwaɓi ɗaya da za su ishe su shekara. Kuma duk da wannan tanadi, ranar da aka kwance tsohon aka ɗaura sabo, sau da yawa na'urar awon gudu takan nuna bambancin ƙafa ashirin ko talatin, sai mai shi ya rage awon albarushi ya koma ƙasa, ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya sake hawowa kaɗan-kaɗan.